Zabuwar Kaka da Tarin Inna

Kakata gawayi take sayarwa a ƙofar gidan da muke haya a Zongon Kwatano. Ba wai sana'ar ce ta fi yi mata daɗi ba, ita ce dai wadda mai saye ba ya duba hannun mai sayarwa. Kuturta ta kama ta tun tana budurwa a ƙasar Katsina, ta cinye mata yatsu uku a dama da biyu a hagu kafin a tsayar da ita a wani asibitin mishan, a can kuma ta karɓi Yesu. Da ƙosai ta ce za ta soya, ita kaɗai za ta cinye abinta. Gawayi kuwa har liman aikowa yake yi.

Da an yi magariba sai ta share burbushin da ba wanda zai saya, ta zuba a murhu, ta hura a tsakar gida. A kai take dafa ruwan zafinta, in lokacin masara ne ta gasa mana. Ni da ƙanwata Saratu da 'ya'yan Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, sai mu kewaye ta muna korar sauro, har a kira lisha uwarsu ta tattara nata. Babanmu direban babbar mota ne, yana hanyar Nijar, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Gidanmu dai na mata ne.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." In ba mu amsa da ƙarfi ba, sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta koma, mu yi ta magiya.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don mutanen zamani ba lalle su gane ba. Innata ita ce 'yar farin Kaka. Saboda haka Kaka ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye, ba ta ma yarda su haɗa ido. Ga Inna zaune taki biyu tsakaninsu, amma sai Kaka ta juyo wurina ta ce, "Hannatu, gaya wa mutanen ɗakin can miyar yau ba gishiri." Ni kuma in juya in faɗa, kamar Inna kurma ce. Zama Kirista bai raba Kaka da wannan alkunya ba, kuma ban taɓa jin Inna ta yi ƙorafi ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya tari ya kama Inna. Ta rame, ƙasusuwan wuyanta suka fito, kullum da yamma zazzaɓi. Aka kai ta asibitin masu tari a Akpakpa, hayin gada, suka ce tarin fuka ne. Suka ba ta wani ɗan kati da ake kira karne, suka ce allura kowace safiya har wata biyu, bayan nan ƙwayoyi har shekara ta cika, ba fashi. Duk zuwa sai an buga hatimi a karnen.

Mu Kiristocin da ke jin Hausa ba mu da yawa a garin. Ran Lahadi muna taruwa a shagon wani kafinta a Vedoko, Dattijo Yohanna, shi ne ke jagorantarmu. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya zama kamarad, kuma hukuma ba ta cika son taron da ba ita ta kira ba, don haka waƙarmu ma ƙasa-ƙasa muke yi. A cikin shagon, daga gaba, akwai tebur, a ƙarƙashinsa akwatin katako. Al'adarmu ita ce, wanda ya tuba yakan kawo layunsa da gurayensa ya ajiye a teburin a gaban jama'a, Dattijo ya kulle su a akwatin. Daga baya wani tsoho da ƙafarsa ta warke ya ajiye sandarsa. Daga nan sai abin ya zarce: duk wanda ya tashi ba da shaida cewa Ubangiji ya warkar da shi, sai ya ajiye ragowar maganinsa. Ba wanda ya kafa doka. Ba kuma wanda ya tsaya ya ce, to jama'a, laya daban, maganin likita daban.

Ikilisiya ta yi wa Inna azumin kwana uku. Aka gama allurai, ta shiga ƙwayoyi, a wata na uku tarin ya ɗauke cak. Ta fara cin tuwo kwano guda, kumatunta suka dawo, ta koma ɗinkinta. Ran wata Lahadi ta miƙe tana hawaye ta ce Yesu ya taɓa ta, ta ajiye ƙullin ƙwayoyin da karnen a kan tebur. Aka yi tafi, aka manta da ƙasa-ƙasa, mata suka rungume ta. Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta ji a jikinta shi ta faɗa, kuma ni ma na yi kukan murna ranar.

Labari ya zaga Zongo. Hajiya Rabi ta ce alhamdulillahi, ta aiko da fura, ta kuma gaya wa duk wanda ya tsaya taya atamfa. Ni kuwa da bakina da ba ya shiru, na kai maganar har lakwal, wato makarantar boko. Malaminmu, wanda muke ce wa kamarad metir, yana cikin bayanin cewa addu'a ba ta kashe ƙwayar cuta, na ɗaga hannu na ce ta kashe ta uwata. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wata nawa ta sha magani?" Na ce uku. Bai dake ni ba, bai yi dariya ba. Ya ce in zauna, ya ci gaba da rubutu a allo.

Kaka kaɗai ce ba ta yi tafi ba ran shaidar. Na lura, amma na ɗauka don hannunta ne.

Bayan kamar wata uku na fara jin Inna na daka a lokacin da ba abin dakawa. Sai ta shiga makewayi ta yi ta kwara ruwa. In jirgin ƙasa zai wuce ta bayan unguwa, sai ta faɗa ɗaki da sauri. Ashe tarin take ɓoyewa a cikin ƙarar taɓarya da ruwa da jirgi. Rannan ina wanki na warware wani tsohon ɗankwalinta da ta cusa a ƙasan kaya, na ga jini ya bushe a ciki. Na ruga wurin Kaka a bakin ƙofa, na buɗe mata.

Ta duba jinin. Sannan ta ce, "Je ki wanke, ki shanya a baya."

Na ce, "Kaka, ashe Yesu bai warkar da ita ba?"

"Ke, rufe mini baki, uwar surutu. Wa ya gaya miki?" Ta miƙo mini hannuwanta baƙi ƙirin da gawayi. "Na roƙe shi ya tsayar da cutar nan, ya tsayar. Na roƙe shi ya mayar mini da yatsu, har yau bai mayar ba, ni kuma ban daina gaishe shi ba. Amma shekara bakwai ina haɗiyar ƙwayar Turawan nan, kowace sai na ce da sunansa kafin ta wuce maƙogwaro. To ki gaya mini, wa ya warkar da ni?"

Na ce, "To ki gaya wa Inna mana."

Ta kalle ni kamar na ce ta yi rawa a kasuwa. "Ni? In gaya mata?"

Abin ya ba ni haushi ƙwarai. Uwata na tofar da jini, tsohuwa na maganar alkunya. Ni kuma ban isa in tunkari Inna ba, don na san abin da ya ɗaure ta. In ta koma asibiti sai da karne, karne kuwa yana cikin akwatin Dattijo tare da layun mutane. Kafin ta karɓo shi sai ta tsaya a gaban waɗanda suka yi mata tafi. A ganinta hakan daidai yake da ta ce Yesu ya yi ƙarya, kuma Musulmin Zongo duka su ji. Ta gwammace ta mutu da ta jawo wa sunansa abin faɗa.

Da magariba ta yi, Kaka ta hura wutarta kamar kullum. An yi ruwa da rana, ƙasa a jiƙe, muka jawo tabarma kusa. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta da tire a cinya tana tsince wake, ta ba mu baya. Kaka ta ce ga baƙuwa a bakin ƙofa, muka ce a shimfiɗa mata tabarma. Sai ta ɗauko ta zabuwa da zanzaro, wadda mun sha ji. Amma ranar ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Wai wata zabuwa ce ta faɗa rami ta karye a ƙafa. Tana kwance a ciyawa ta yi ta kuka tana roƙon Allah ya tashe ta. Washegari da sassafe sai ga zanzaro da laka a baki. Bai ce mata komai ba, don bakinsa a cike yake. Ya shafa lakar a ƙafar, ya daddanna, ya tashi. Gobe ma haka, jibi ma haka. A kwana na goma zabuwa ta gwada taka ƙasa, ta ji ƙafa ta ɗauke ta. Murna ta kama ta. Ta tara tsuntsayen daji kaf, da kurciya da hasbiya da belbela har da ungulu da ba a gayyata ba, ta hau kan suri ta yi wa Allah godiya da babbar murya. Ta fasa lakar da baki ta watsar. Da zanzaro ya zo da safe ta ce masa, "Malam, an gode. Allah ya riga ya yi aikinsa, me zan yi da taɓo?"

A nan Kaka takan kwaikwayi tafiyar zabuwa da kafaɗu, mu yi ta dariya. Ranar ma ta yi, amma ni ban yi dariya ba. Ina kallon bayan Inna, na ga hannunta ya tsaya a cikin waken.

Ba a jima ba ƙafar ta fara lanƙwashewa. Zabuwa ta shige duhun ciyawa ta kwanta. Duk wanda ya zo wucewa ya ce, "Zabuwa, lafiya?" sai ta ce, "Lafiya lau, ƙwai nake kwanci." Ba ƙwai ba dalilinsa. Zanzaro kuwa bai fasa zuwa ba. Kowace safiya sai ya sauka a kan karan dawa kusa da ita da lakarsa a baki, ya jira har rana ta ɗaga, lakar ta bushe, ya tafi. Shi kuma dila ya fara jin ƙanshi, kullum yana ƙara matsowa.

Yadda muka san tatsuniyar, daga nan dila ke zuwa ya cinye zabuwa, Kaka ta ce mana kowa ya kiyayi girman kai, a watse. Amma ranar sai ta bi wata hanya da ba mu taɓa ji ba. Ta ce wata safiya zabuwa ta leƙo ta ce wa zanzaro, "Kai ba ka gajiya ne?" Zanzaro ya ajiye lakarsa a kan ganye, karo na farko ke nan da aka ji muryarsa. Kaka ta matse hanci ta yi 'yar siririyar murya:

"Ni ɗan aike ne. Kwana arba'in aka ce mini."

"In na miƙo maka ƙafata, tsuntsaye za su ce godiyar da na yi wa Allah ƙarya ce."

"Godiyar kwana goma kika yi, ya karɓa, ya ji daɗinta. Amma bai ce mini in daina zuwa ba."

"To in yana so in warke, me ya hana shi ya warkar da ni da kansa?"

"Baiwar Allah, wa kike tsammani ya koya mini kwaɓa laka?"

Nan Kaka ta tsaya da tatsuniyar. Ta sa guntun hannunta ta tura wani gawayi da ya gangaro. Muka jira, muka jira. Saratu ta gaji ta ce, "Kaka, kin manta wurin dila."

Kaka ta ce, "Ban manta ba. Dila na nan tafe. Bai dai iso ba tukuna." Sannan ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta sauke kayanta, wanda ya ga nasa ya ɗauka."

'Ya'yan Hajiya suka fara gunaguni wai an cuce su, tatsuniya ba ƙarshe. Ana cikin haka sai Inna ta yi tari. Ba ta tashi ba, ba ta nemi taɓarya ba. A zaune a bakin ƙofa ta yi shi, mai tsawo, mai cin ƙirji, har waken ya zube daga tiren. Duk gidan aka ji. Hajiya Rabi ta leƙo daga ɗakinta da carbi a hannu ta ce, "Subhanallahi, Maman Hannatu, tun yaushe?" Inna ta ce, "An kwana biyu, Hajiya." Kaka ba ta waiwaya ba. Wutar take kallo.

Ran Lahadi muka tafi Vedoko mu huɗu. Da aka zo lokacin shaida Inna ta miƙe. Wata mata a baya ta riga ta ce haleluya, tana tsammanin wani sabon albishir ne. Inna ta taka har gaban tebur, ta riƙe bakinsa da hannu biyu ta ce, "Dattijo, na zo karɓar maganina. Tarin ya dawo."

Ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige. Wani ya yi gyaran murya, wata ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Raunin bangaskiya ke nan." Inna ba ta juya ba. Ta ce, "Ranar da na yi godiya, da gaske na yi. Yau ma ban janye ta ba. Maganina dai nake so."

Dattijo Yohanna ya durƙusa, ya jawo akwatin, ya buɗe kwaɗon. Ya yi ta ture layu da guraye a gaban kowa har ya kai ga ƙullin. Danshin Kwatano ya riga ya narkar da ƙwayoyin sun manne wuri ɗaya, amma karnen na karantuwa. Ya goge shi da hannun rigarsa. Ya ce, "Ban taɓa cewa kowa ya ajiye magani ba. Amma ban taɓa hanawa ba, kuma ni ke riƙe da mabuɗi. Ku gafarta mini." Ya ɗora hannu a kan karnen ya yi addu'a, gajeriya. Waɗanda suka ce amin ba su kai rabi ba.

Ran Litinin na raka ta hayin gada. Ma'aikaciyar asibitin ta duba ranar hatimin ƙarshe, ta yi wa Inna faɗa da Faransanci da yaren Fon har da wanda ban gane ba, sannan ta ce sai dai a sake daga farko. Allura sittin kuma, da shekara guda cif. Inna ta ce to. Ta sha wuya a wannan karon fiye da na farko, kunnenta ɗaya ya toshe bai sake buɗewa ba, numfashinta kuma bai koma daidai ba har ƙarshen ranta. Amma ta rayu, ta aurar da mu, ta goyi 'ya'yana. Daga ranar kuma ban sake ganin an sa maganin likita a akwatin nan ba. Wasu gidaje biyu sun daina zuwa shagon saboda haka, suka koma inda suka ce an fi ba da gaskiya.

Kaka ta rasu ba tare da ta taɓa yi wa Inna maganar ba, ko sau ɗaya. Na daɗe ina riƙe da ita a zuciya kan wannan. Sai da na girma na gane cewa ta faɗi duk abin da za ta faɗa, a gaban yara biyar da murhu, kuma da ta faɗa kai tsaye wataƙila da Inna ta musa.

Na ga mutane iri-iri tun daga lokacin. Na ga wanda likita ya fid da rai da shi aka yi masa addu'a ya tashi, ban kuwa da bayanin da zan ba kamarad metir a kai. Na kuma ga wanda aka yi wa azumi da kuka aka binne. Ban daina yi wa marar lafiya addu'a ba, ba kuma zan daina ba. Abin da na daina shi ne auna bangaskiyar mutum da abin da ya ajiye a kan tebur.

Wata rana, Inna ta tsufa ƙwarai, ina yanke mata farce, na tambaye ta a kunnen da ke ji: tsakanin ranar da ta ajiye maganin da ranar da ta karɓo shi, wacce ce ta fi jin ta ba da gaskiya? Ta ce ni dai tun ina ƙarama ba na barin zance ya kwanta. Ta yi ɗan tarinta, ta huta. Sannan ta ce, "Ranar da na ajiye, mutum talatin ne suka riƙe ni. Ranar da na je karɓa, ba wanda ya tashi. Amma na isa teburin, Hannatu. Ni kaɗai ba zan iya ba."